Zauren Lafiya: Ciwon mara, haɗin kemis da ƙwayoyi ukun mai jego

Assalamu alaikum. A cikin saƙonnin da suka taru mini wannan watan na ware guda shida: na wata ɗaliba, da mai buga bulo, da ungozoma, da mai juna biyu, da dattijo mai ciwon ido, da mai kiwon shanu. Ba su san juna ba, amma amsoshinsu duka wuri ɗaya suke komawa, wato wani sinadari da jiki yake ƙerawa da kansa mai suna furostagilandin. Kullum a tagar ba da magani ta asibitinmu ina miƙa wa mutane ko dai maganin da ke hana jiki yin sa, ko wanda ke kwaikwayon aikinsa, kuma da wuya ka samu wanda aka taɓa zaunar da shi aka yi masa bayani. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Anti, shekarata 19. Duk wata idan al'adata ta zo sai na yi kwana biyu a kwance, ga murɗar mara, ga amai da gudawa. Ƙawata ta ba ni ibufurofen na ji sauƙi sosai, amma gwaggona ta hana ni, ta ce yana daskarar da jini a mara ya hana haihuwa, in yi haƙuri idan na yi aure zai daina. Gaskiya ne? Ɗaliba, Gusau.

Amsa: Ƙanwata, sannu da jiki. Ƙauna ce ta sa Gwaggo ta faɗi haka, amma zancen ba haka yake ba, kuma ba na son ki ci gaba da rasa darasin kwana biyu duk wata a kan ciwon da yake da magani.

Idan wata ya zagayo ba a samu ciki ba, shimfiɗar da mahaifa ta tanada a cikinta sai ta fara saɓulewa. A daidai lokacin ne ƙwayoyin halittar wurin suke ɗibar wani irin mai daga fatarsu, su sarrafa shi ya zama furostagilandin. Aikinsa ya sa naman mahaifa ya matse don ya turo jinin waje. In ya yi yawa, matsewar takan yi ƙarfi har ta shaƙe ƙananan jijiyoyin jini, naman ya rasa iskar da jini ke kai masa, shi ne murɗar da kike ji. Yana kuma ƙara wa jijiyoyin jin zafi kaifi. Ɗan abin da ya tsallaka cikin jini shi ke motsa hanji, ya kawo gudawa da tashin zuciya. An auna jinin al'adar mata masu wannan ciwon, an tarar sinadarin ya fi yawa a nasu. Saboda haka duk wanda ya ce miki raki ne, bai san abin da ke faruwa a jikinki ba.

Bari in ɗan tsaya a kan halin wannan sinadari, don sauran amsoshin ma a kansa suka dogara. Jiki ba ya tara shi ya ajiye. Inda ake bukatarsa nan ake yin sa, ya yi aiki a kan naman da ke kusa, cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna ya lalace, wanda ya kuɓuce ya bi jini kuma huhu ya kashe mafi yawansa. Kamar saƙon da maƙwabciya ke miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga ne, ba ya fita unguwa. Shi ya sa aikinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A mahaifa matsewa yake sawa, a ƙwaƙwalwa ya ɗaga zafin jiki ya zama zazzaɓi, a gaɓar da ta bugu ya kawo kumburi da raɗaɗi, a tumbi da ƙoda kuwa shi ne mai gadi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, ya same shi a cikin maniyyi ya raɗa masa suna a 1935. Sai a 1971 John Vane ya gano a Landan cewa asfirin, wanda duniya ta shafe sama da shekara 70 tana sha ba tare da sanin yadda yake aiki ba, hana jiki ƙera wannan sinadarin yake yi. Shi da Sune Bergström da Bengt Samuelsson suka raba kyautar Nobel ta 1982 a kan wannan fanni. Ibufurofen, dikulofenak, firoksikam da mefenamik duk hanya ɗaya suke bi da asfirin.

To tunda hana ƙerawa suke yi, ba sa goge wanda aka riga aka ƙera, lokacin sha ya fi komai. Yawancin 'yan mata sai ciwo ya kayar da su sannan su nemi magani, su ce bai yi ba. Ke da kin ji alamar farko, ko kin ga ɗigon farko, ki sha miligiram 400 bayan kin ci abinci, ki maimaita bayan awa 8, kwana biyu zuwa uku, kada ya wuce 1,200 a rana sai da izinin likita. Ki ɗora kwalbar ruwan ɗumi a mara, tana taimakawa ƙwarai. Maganin ba ya daskarar da jini a ciki. Yakan ɗan rage yawan zubar, ina jin daga nan iyayenmu suka ɗauko zargin. Shan sa a kwanakin al'ada ba ya hana haihuwa. Macen da ke neman ciki kuma take shan sa kullum a tsakiyar wata ce zai iya jinkirta mata fitar ƙwai, da ta daina kuma komai ya koma daidai.

Kada ki sha idan kina da olsa, ko ciwon ƙoda, ko asmar da asfirin ke tayarwa. Idan kuma kin bi wannan tsari wata uku ba sauƙi, ko ciwon yana ƙaruwa shekara bayan shekara, ko yana zuwa ba lokacin al'ada ba, ki je a yi miki hoton mara. Akwai ciwon da ke ɓuya a bayan ciwon al'ada, kuma aure ba ya warkar da shi.

Tambaya: Hajiya, ni mai buga bulo ne. Shekara biyu ke nan kullum da yamma ina sayen haɗin ciwon jiki a kemis, in ban sha ba ba na iya tashi aiki. Kwanan nan saman cikina yana zafi, bayan gidana ya koma baƙi, in na miƙe jiri ya ɗebe ni. Abokina ya ce basir ne. Wane magani zan ƙara? Magidanci, Katsina.

Amsa: Malam, don Allah kada ka ƙara komai, kuma kada ka sake shan haɗin nan ko sau ɗaya. Ka tafi asibiti yau. Baƙin bayan gida mai yauƙi da wari, ga jiri, ga zafin saman ciki, alamar jini ne yake tsiyaya daga tumbi, ya narke kafin ya fito. Jinin basir ja ne, ana ganinsa. Ƙwayar ƙarin jini ma takan baƙanta bayan gida, amma ba ta sa jiri. Ka ce a auna yawan jininka da lafiyar ƙodarka, ka kuma tafi da ƙullin maganin su gani.

Na san ƙullin nan. Sau da yawa majinyata sun zazzage mini shi a kan kanta: farar leda ƙarama, ƙwaya huɗu ko biyar, ba kwali ba suna. In na baje su da yatsa sai in ga kafso na firoksikam, ga dikulofenak, ga ibufurofen, ga wata 'yar mitsitsiyar fara wadda yawanci dekisametazon ce, wani lokacin da ƙwayar bitamin don ado. Uku na farko aikinsu ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙin, illar ce take ninkuwa. Firoksikam kaɗai yakan kwana biyu a jiki kafin rabinsa ya fita, na jiya bai tafi ba ka ɗora na yau. Ta huɗun kuma tana ƙara haɗarin zubar jinin, ta ɗaga sukari da hawan jini, ta kumbura fuska har mutane su riƙa cewa ka yi ƙiba.

Dalilin ɓarnar shi ne, furostagilandin ɗin da ke sa maka ciwon baya, ɗan'uwansa ne ke tsaron tumbinka. Ruwan da tumbi ke narkar da abinci da shi yana da kaifin da zai iya cin tumbin kansa. Abin da ya hana shi ne wani yauƙi mai kauri da ke lulluɓe bangon, da wani ruwa mai kashe kaifin, da yalwar jini da ke gyara duk inda ya ɗan kurje. Furostagilandin ne ke kula da ukun nan. Ƙwayar da ka haɗiya ba ta san baya daban tumbi daban ba, ko'ina take kashe shi. Wannan ya sa ko allurar dikulofenak aka yi maka, ko ka ci tuwo ka ƙoshi kafin ka sha, ba ka tsira gaba ɗaya ba, domin ta cikin jini ɓarnar take zuwa. Kuma da yake maganin kashe ciwo ne, gyambon yakan girma shiru, mutum bai ankara ba sai ya yi aman jini.

Ƙoda ce ta fi tayar mini da hankali game da masu aiki irin naka. Lokacin da ka wuni a rana kana zufa, ruwan jikinka ya ragu, furostagilandin ne ke buɗe jijiyoyin da ke kai jini ƙoda don ta ci gaba da tacewa. Ka dawo a bushe ka sha haɗi, ka rufe mata wannan hanyar a lokacin da ta fi bukatarta. Haka abin yake ga mai azumi a zafin Maris da Afrilu da ke shan irinsu da sahur, da mai gudawa, da dattijon da ke shan maganin hawan jini irin lisinofuril tare da ƙwayar sa fitsari. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin wankin ƙoda ya ga kuɗin da iyalai ke kashewa duk mako, ba zai ga arhar haɗin kemis ba.

Ban raina ciwonka ba, ɗaga bulo tun safe har la'asar ba wasa ba ne, kuma na san da wannan aikin kake ciyar da gida. Bayan an duba ka, farasitamol shi ne na farko, giram 1 a sha ɗaya, kada ya wuce giram 4 a rana, don shi kuma hanta yake taɓawa idan ya yi yawa. Ga gwiwa ko kafaɗa akwai dikulofenak na shafawa, kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Ka riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. In likita ya ga dole sai ɗaya daga dangin nan, zai ba ka guda ɗaya na 'yan kwanaki tare da maganin kare tumbi. Masu kemis da ke karanta wannan shafi kuma, ina roƙonku ku daina ƙulla wa mutane irin wannan haɗin.

Tambaya: 'Yar nan, jikana ne ya rubuta mini. Ni ungozoma ce, na daɗe ina karɓar haihuwa. A asibitin garinmu ana ba masu ciki ƙwayoyi uku, a ce su sha da zarar jariri ya faɗo. Wata da na ba wa, ta kama rawar sanyi har na tsorata. Sannan wata abokiyar sana'ata ta ce idan naƙuda ta yi tsawo tana ba da ƙwaya ɗaya, nan da nan a haihu. In yi haka? Ungozoma, wani ƙauye kusa da Birnin Kudu.

Amsa: Inna, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki gwada. Kada ki yi, kuma ki taimaka ki hana abokiyar taki.

Ƙwayoyin nan misofurostol ne, wanda ma'aikata ke kira miso, furostagilandin ne da aka ƙera a masana'anta. Asalinsa maganin kare tumbi ne ga masu shan irin ƙwayoyin da na gama magana a kansu, da sunan Cytotec aka fara sayar da shi, daga baya aka ga ƙarfinsa a kan mahaifa. Amfani da dangin sinadarin wajen haihuwa kuwa a Afirka aka fara shi. Sultan Karim da abokan aikinsa na Jami'ar Makerere da ke Kamfala, ƙasar Yuganda, su suka fara tayar da naƙuda da shi a 1968.

Bayan mabiyiya ta fita, inda take manne yakan zama buɗaɗɗen rauni mai manyan jijiyoyi. Ba ɗinki ke tsayar da jinin ba, matsewar mahaifa ce, ta dunƙule ta yi tauri ta shaƙe jijiyoyin. Idan ta saki jiki, mace lafiyayya za ta iya tafiya cikin awa biyu. Wajen sa mahaifa ta matse, allurar oksitosin ita ce ta fi, amma tana son firij da wanda ya iya allura. Miso ƙwaya ce, ba ya bukatar wutar lantarki. A ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna masu haihuwa a asibiti a Arewa maso Yamma ba su kai ɗaya cikin biyar ba, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Nijeriya ta amince da shi don zubar jinin haihuwa tun 2006, malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada raba shi a ƙauyukan Zariya ta hannun ungozomomi irinki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna don wannan aikin a 2011.

Yanzu ki duba lissafin da kyau. Kowace ƙwaya maikirogiram 200 ce, ukun 600 ke nan, kuma an ƙayyade su ne don mahaifar da ta riga ta zama fanko. Idan a asibiti za mu tayar da naƙuda da jariri a ciki, 25 muke bayarwa. Ƙwaya ɗaya ake rabawa kashi takwas a ba da kashi ɗaya, nas tana tsaye tana sauraron bugun zuciyar jariri, ɗakin tiyata yana kusa, kuma ba a ba wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa. Ƙwaya ɗayan da abokiyarki ke bayarwa ta ninka namu sau takwas. Mahaifa takan matse ba sassauci, alhali a tsakanin murɗa da murɗa ne jariri yake samun jini. Sannan doguwar naƙuda sau da yawa ba rashin ƙarfi ba ne, ƙugu ne ya yi kaɗan ko jaririn ya zo a gicciye. In aka matsa wa mahaifa alhali hanya a toshe take, fashewa take yi. Na ga irin wannan. An kawo wata matashiya da asuba a bayan a-kori-kura, ta yi fari fat, ciwon naƙudar ya ɗauke gaba ɗaya har 'yan rakiya suna cewa ta samu sauƙi. A ƙullin zanin surukarta aka samu ragowar takardar ƙwayar. An ceto ta da ƙarin jini, amma jaririn ya tafi, mahaifar ma sai da aka cire, ga shi haihuwarta ta fari. Waɗanda abokiyarki ta ba suka haihu lafiya, Allah ne ya tsare.

Yadda za ki yi da ukun: jariri ya fito, ki shafa cikin ki tabbatar babu na biyu, domin in tagwaye ne na cikin zai shiga haɗarin da na faɗa, sannan ta haɗiye su nan take. Rawar sanyi da ɗan zazzaɓi aikin maganin ne, sukan wuce cikin 'yan awoyi, ki lulluɓe ta kawai. Kada a ɓalle ƙwayoyin daga takardarsu ta azurfa sai lokacin sha, danshi yana kashe ƙarfinsu. Ki riƙa taɓa mararta, in kin ji ta yi laushi ki murza har ta yi tauri, ki sa ta yi fitsari, a ɗora jariri a nono.

Kuma shan ukun bai ɗauke miki lura ba. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiyawata ɗaya, ya riga ya wuce ƙa'ida. Ido yakan raina jini, har idon ma'aikata. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, an yi shi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Da aka riƙa tara jinin a wata leda mai awo ana fara duk matakan ceto lokaci ɗaya, mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Ke ma ki sa a tanadi mota da kuɗin mai tun ciki yana wata takwas. Mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta fito ba, ko zani yana jiƙewa ana canzawa, ku kama hanya, kada a tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Tambaya: Ina da cikin wata huɗu. A cikina na farko na yi jijjiga. Yanzu likita ya rubuta mini ƙaramin asfirin kullum, alhali a wurin awo an ce masu ciki su guji magungunan ciwon jiki. Wanne zan bi? Uwargida, Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki bi duka biyun, ba su ci karo ba. A cikin jini akwai sinadarai guda biyu 'yan gidan furostagilandin masu ja-in-ja. Ɗaya ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikin jini, wato ƙwayoyin daskarar da jini, ke yin sa, yana tsuke jijiya ya haɗa gudan jini. Ɗayan bangon jijiya ke yin sa, yana buɗe ta ya hana gudan. A jikin mai hawan jinin ciki, wanda shi ke kai ga jijjiga, na farkon ne yakan rinjaya. Asfirin kaɗan, miligiram 75 zuwa 150, yana kashe na'urar ƙera na farkon, kuma ƙwayoyin daskarar da jini ba sa iya sake wata har ƙarshen rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10. Bangon jijiya kuwa yana sabunta tasa. Da haka ma'aunin yake karkata wajen buɗewa, jini ya isa mabiyiya. Wani gwaji da aka buga a 2017 ya nuna miligiram 150 da dare ya rage wannan ciwon mai sa a haihu kafin lokaci da kusan kashi 62 cikin 100 ga matan da ke cikin haɗari. Ana so a fara daga mako na 12, kin zo a kan gaɓa. Likitanki zai faɗa miki lokacin dainawa. Kada ki musanya shi da babban asfirin na ciwon kai mai miligiram 300, kuma ki ci gaba da awon jini, don asfirin ragewa yake yi, ba ya kawar da haɗarin duka.

Gargaɗin wurin awo a kan ibufurofen da dikulofenak ne. Daga mako na 20 suna iya rage aikin ƙodar jariri, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe. Daga wajen mako na 30 kuma akwai wata gajeriyar jijiya kusa da zuciyarsa da ke kewaye huhu, tunda bai fara numfashi ba. Furostagilandin ne ke riƙe ta a buɗe har a haife shi, sannan ta rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. Waɗannan ƙwayoyi suna iya rufe ta tun yana ciki. Likitocin jarirai da wannan sanin suke aiki. Bakwainin da tasa ta ƙi rufewa sukan ba shi ibufurofen, jaririn da aka haifa da wata nakasar zuciya kuma su ɗura masa furostagilandin ta jijiya don ta zauna a buɗe har a kai ga tiyata. Ke dai ciwon kai ko na baya, farasitamol. Ciwon kan da ya ƙi ji, ko ganin walƙiya, ko kumburin fuska, asibiti a daren.

Tambaya: Ranki ya daɗe, an ce ina da hawan jinin ido, aka ba ni latanofurost in riƙa ɗigawa da dare. Wata biyar ke nan ganina bai ƙaru ba, sai jan ido, gashin idona ma ya yi tsawo. Ga tsada. In daina? Malamin makaranta mai ritaya, Bauci.

Amsa: Baba, kada ka daina. Ba a ba ka shi don gani ya ƙaru ba, an ba ka ne don wanda ya rage ya tsaya. Akwai ruwan da ido ke yi yana fitarwa kullum. In mafitar ta ƙuntata, matsin ya hau ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Wannan ɗigon dangin furostagilandin ne, an fara amfani da shi a 1996, yana sassauta wata mafita ta biyu ya sauke matsin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Jan idon yakan lafa, tsawon gashin ido da duhun fatar kewaye sanannun abubuwa ne, ba alamar lalacewa ba ce. Awon matsin ido a asibiti ne kaɗai zai nuna yana aiki ko ba ya yi.

Ɗigo ɗaya ya isa, sau ɗaya da dare, ƙarawa rage masa ƙarfi take yi. Bayan ka ɗiga ka rufe idon ka danna lungunsa na wajen hanci minti ɗaya ko biyu. Kwalbar da ba a buɗe ba firij take so, wadda aka buɗe kuma a ajiye ta wuri mai sanyi, ko gindin randa ne, a yar da ita bayan lokacin da takardarta ta faɗa. Batun tsada ka gaya wa likitanka kai tsaye, akwai na kamfanoni masu sauƙi, akwai kuma aikin leza ko tiyata ga wanda ya dace. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna wannan ciwon ne na biyu wajen makantar da 'yan Nijeriya bayan yanar ido, kuma yana bin jini. Ka tura ƙannenka da 'ya'yanka da suka kai 40 a auna su.

Tambaya: Hajiya, likitan dabbobi ya yi wa shanuna wata allura, bayan kwana uku kusan duk suka nemi bijimi tare. Zan iya saya in riƙa yi da kaina? Mai kiwo, kusa da Kaduna.

Amsa: Alhaji, ita ma furostagilandin ce. Tana narkar da wani ƙullutu a ƙwan saniya wanda ke hana ta neman bijimi, sai ta nema cikin kwana 2 zuwa 5. Akan yi sau biyu da ratar kwana 11 don a kama waɗanda ta farko ba ta kama ba. Matsalar ita ce wannan ƙullutun shi ke riƙe ciki, in ka yi wa mai ƙaramin cikin da ba ka sani ba, za ta ɓarar. Shi ya sa likitan yake sa hannu ya duba kowace kafin ya tsira mata. Ka bar masa aikin. Ruwan allurar yana ratsa fatar mutum, saboda haka mai juna biyu da mai asma kada su taɓa kwalbar, kada kuma a ajiye ta a ɗakin da iyali ke kwana.